Idan rana ta yi sansani: yadda ake kallo, a auna, a gane abin da ke sama

Kusan kowace damina sai an yi ta. Wani ya fito daga shago da hantsi, ya ɗaga kai, ya ga ƙaton zobe ya kewaye rana, ya ɗauki hoto ya jefa a WhatsApp. Kafin azahar hoton ya zaga gari. Wannan ya ce wani babba zai faɗi, wancan ya ce tashin duniya ya matso, wata kuma ta rubuta salati ta bi shi da hawaye uku. Tsofaffinmu suna da sunan abin tun tuni: wata ya yi sansani, rana ta yi sansani, kamar sarki ya sauka a daji runduna ta kewaye shi. Abin da ya samu suna a bakin kakanni kuwa, an daɗe ana ganinsa.

Na ɗauki shekaru ina ɗaga kai, har maƙwabta sun daina tambayata ko jirgi nake nema. Abin da na koya shi ne sansanin nan yana da 'yan'uwa da yawa, kowanne da mazauninsa a sama da lokacin fitowarsa, kuma tsayin rana ne ke raba musu lokacin. Wanda ya iya auna sama da hannunsa, ya iya auna rana da inuwarsa, ya san inda zai duba tun kafin abin ya bayyana. Sunayen da zan kira su da su a nan, ban da sansani, ni na raɗa musu don mu fahimci juna.

Mataki na 1: ɓoye rana kafin ka ɗaga kai

Wannan ba a tsallake shi. Hasken rana yana ƙona shimfiɗar gani da ke can ƙuryar ido, kuma wurin ba ya jin zafi, don haka mutum ba ya sanin ya yi wa kansa ɓarna sai bayan sa'o'i, ya tarar da wani ɗigo ya tsaya masa a tsakiyar duk abin da ya kalla. Wani yakan warke a hankali, wani kuma ya zauna da shi. Baƙin gilashin da ake sayarwa a bakin titi yana rage ƙyalli ne kawai, bai ba ka izinin kallon ƙwayar rana ba. Tabaron hangen nesa kuwa, kada ma ya kusanci wannan aiki.

Ga dabarar da nake bi. Nemi abin da zai tare rana ita kaɗai ya bar maka sauran sama a buɗe: hasumiyar masallaci, zankon soro, tankin ruwa, kan fitilar sola ta titi, ko kusurwar gini. Kalli ƙasa, ka nemo inuwar abin, ka taka har inuwar kanka ta shige cikin tasa. Sannan ka ɗaga kai. Da zarar kanka yana cikin inuwar, rana tana bayan abin, babu lalube. Tafin hannu ma yana yi in babu komai a kusa, sai dai hannu yana gajiya, yana zamewa, kuma za ka buƙace shi wajen awo.

Akwai kuma kallo ta ƙasa. Zuba ruwa a baƙar roba ka bari ya natsu, ko ka yi amfani da fuskar waya a kashe, ko gilashin mota mai duhu. Sama takan fito a ciki da ƙarancin ƙyalli, zoben da ido ya kasa kamawa ya fito sarai. Waɗanda suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya mai da hantsi dare a Gusau da Katsina, za su tuna yadda aka yi ta leƙa baho. A sani cewa hoton rana a cikin ruwa ma yana cutar da ido, don haka a tsaya inda shi ma wani abu ya tare shi. Tabaron husufi da gilashin masu walda sun yi duhu da yawa, rana kaɗai suke nunawa, sansanin ya ɓace. In da yara a wurin, kai ne za ka tsayar da kowannensu a cikin inuwa, kada ka ce musu "ku duba" kawai.

Mataki na 2: gane gajimaren da ke haifar da shi

Sansani daga ƙanƙara yake. Na san wannan magana tana da wuyar shiga a Sakkwato cikin watan Afrilu, ana zufa ana fifita, amma iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a kowace kilomita da aka hau. A nan yankinmu, daga wajen kilomita 5 ruwa ya fara daskarewa. Wanda ya taɓa hawa jirgin Jidda ya ga allon da ke nuna sanyin waje ya sauka ƙasa da sifili da digiri 40 ko fiye. Mutanen Jos kuwa ba sa buƙatar hujja, ƙanƙarar tana sauko musu har kan kwano.

Gajimaren da muke nema yana can sama ƙwarai, tsakanin kilomita 6 zuwa 18 a ƙasashe masu zafi. Kamanninsa iri biyu ne. Wani zare-zare ne kamar audugar da aka ja aka baza. Wani kuma mayafi ne siriri da ya rufe sama gaba ɗaya, shuɗin ya koma fari-fari kamar an ɗiga madara a ruwa, har mutum ya rantse babu gajimare. Wannan na biyun shi ne gwanin sansani. Gwajinsa mai sauƙi ne: dubi inuwarka. In tana nan da gefenta a fili alhali sama ta yi fari, akwai fata. In inuwar ta dushe, rana ta koma kamar fitila a bayan labule, gajimaren ya yi kauri kuma ya sauko, sai wani jiƙon.

Lokacin da na fi dacewa shi ne daga bazara zuwa ƙarshen damina. Hadari in ya yi tsiri, kansa yakan baje a sama kamar maƙera, kuma wannan bajajjen kan duk ƙanƙara ce. Hadarin ya zubar da ruwansa ya mutu cikin dare, amma mayafin ya kwana yana yawo. Shi ya sa safiyar da ta biyo bayan ruwan dare take da albarka. A hunturu ma ana samun zaren gajimare a sama, sai dai hazo yakan shiga tsakani. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ba ta da siffar da za ta yi zobe, abin da take yi shi ne ta mai da rana farin faifai da wani fari-fari a kewaye, ba gefe ba launi.

Mataki na 3: auna da hannu

Ba a auna sama da kamu ko mita, da digiri ake yi. Daga gindin sama zuwa tsakar ka digiri 90 ne. Miƙe hannunka gaba ɗaya, gwiwar hannu a miƙe, ka rufe ido ɗaya. Faɗin ɗan ƙaramin yatsa kimanin digiri 1 ne, yatsu uku na tsakiya 5, dunƙulen hannu 10, buɗaɗɗen hannu kuma daga kan babban yatsa zuwa kan ƙarami wajen 20 zuwa 22. Awon yana yi wa babba da yaro, don mai dogon hannu yatsunsa ma dogaye ne. Rana kanta rabin digiri ce kacal, ƙaramin yatsa ya rufe ta har da saura.

Yanzu ɗora babban yatsa a kan abin da ya tare maka rana, ka buɗe hannu. Inda ƙaramin yatsa ya sauka, nan gefen sansani yake. Juya hannun sama, ƙasa, dama, hagu, ko'ina tazarar ɗaya ce, digiri 22. Haka yake a Zinder, haka yake a Makka, haka yake a ƙarshen duniya ta kudu. Kuskuren sabon shiga shi ne neman zoben dab da rana, alhali yana can nesa, faɗinsa daga gefe zuwa gefe digiri 44, kusan rabin tazarar gindin sama zuwa tsakar ka.

Shawarata ita ce a fara koyo da wata. Daga wajen daren 10 zuwa 18 ga wata haskensa ya isa ya yi sansani, girmansa ɗaya da na rana, kuma za ka iya zuba masa ido yadda kake so. Launi ba ya fitowa sosai da dare, fari za ka gani, amma hannunka zai saba da awon.

Mataki na 4: san abin da ke faruwa a cikin ƙwayar ƙanƙara

Ɗauki biron Bic ka cire ruwan, ka juya bututun a hannunka. Gefe shida gare shi. Haka ruwa yake daskarewa a can sama, ƙwayoyi masu gefe shida, yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Wasu dogaye ne kamar guntun fensir, wasu faifai ne kamar siririn noti marar rami.

Haske yakan shiga ta gefe ɗaya, ya tsallake na kusa da shi, ya fita ta na uku. Waɗannan gefuna biyu suna fuskantar juna da kusurwar digiri 60, kuma hasken da ya bi ta cikinsu dole ya karkace. Ƙanƙara ba ta iya karkatar da shi ƙasa da kimanin digiri 22 ta wannan hanya, kuma mafi yawan hasken a dab da wannan iyakar yake taruwa. Miliyoyin ƙwayoyi suna wulwulawa ta kowace fuska, amma waɗanda ke aiko maka da hasken su ne waɗanda ke tazarar digiri 22 daga rana a ganinka. Haɗa su duka, ka samu zobe. Na kusa da kai ma yana ganin nasa zoben ne daga wasu ƙwayoyin daban.

Daga nan alamomi biyu suka fito da za ka tabbatar da idonka. Cikin zoben ya fi wajensa duhu, tun da babu hasken da ya karkace ƙasa da 22, shi ya sa a hoto yake kama da wani baƙin faranti a bayan rana. Kuma ja ne a gefen ciki, don jan haske ya fi kowanne ƙarancin karkata, daga nan ruwan ɗorawa, sai fari da ɗan shuɗi-shuɗi yana dushewa ta waje.

Sauran 'yan'uwan sun danganta da yadda ƙwayoyin ke faɗowa. Masu wulwulawa su ke yin zobe. Masu faifai, in iska ta natsu, sukan sauko a kwance kamar busasshen ganye, su haifar da ɗigo-ɗigo masu haske da bakuna masu launi. Dogayen kuma sukan kwanta kamar itace a kan ruwa, su yi nasu bakunan a saman zobe da ƙasansa. Malamai sun daɗe suna bin wannan sawu. Larabawa suna kiran sansanin wata hala, Ibnul Haisam ya yi rubutu a kansa tare da bakan gizo shekaru kusan 1000 da suka wuce, sannan a ƙarshen ƙarni na 17 wani Bafaranshe, Edme Mariotte, ya danganta zoben 22 da ƙwayoyin ƙanƙara.

Mataki na 5: tambayi inuwarka inda za ka duba

Nan ne gundarin aikin. Malamanmu na zaure sun san awon inuwa da ƙafa wajen fitar da lokacin salla, inda ake lissafa tsayin mutum ƙafa 7 na ƙafarsa. Wannan awon shi za mu ara. Tsaya a fili mai laushi, ka lura da inda inuwar kanka ta tsaya, ka taka zuwa wurin, diddige na taɓa yatsa.

Inuwa ƙafa 17 zuwa 18, rana tana digiri 22 daga gindin sama. Ƙafa 11, digiri 32. Ƙafa 7, digiri 45. Ƙafa 4 da kusan rabi, digiri 58. Ƙafa 3 ba kaɗan, digiri 68. Mai son daidaito ya kafa sanda mai mita 1, inuwarta za ta ba shi santimita 250, 160, 100, 62 da 40 a jere. Manhajar Stellarium ma tana faɗin tsayin rana, amma ƙafa ba ta neman caji.

*In inuwa ta fi ƙafa 11.* Wato awa biyun farko bayan fitowar rana, da awa biyun ƙarshe kafin faɗuwarta. Duba dama da hagu na rana, daidai tsayinta, tazarar buɗaɗɗen hannu. In masu faifai suna nan, za ka ga wasu dunƙulen haske biyu, ja ta wajen rana, da farin jela yana miƙewa waje. Masana suna ce musu parheliya, Turawa kuma karnukan rana, ni kuwa zagage nake ce musu, don sun fi kama da masu tafiya a gefen dokin sarki. Wani lokaci ɗaya ne kawai ke fitowa, wani lokaci kuma su yi haske har mutum ya ce rana uku ce. A Ingila cikin 1461, sojojin Edward na gidan York sun ga haka kafin yaƙin Mortimer's Cross suka tsorata, shi kuwa ya ce musu alamar nasara ce, daga baya har ya mai da rana tambarinsa. Zagagen suna kan zobe in rana tana ƙasa, amma tana hawa suna ja da baya. A digiri 40 sun fita daga zoben da kamar yatsu uku, in ta wuce 60 kuma sun tafi ke nan.

Duk ranar da ka ga zagage, ɗaga kai sosai har ƙeya ta taɓa wuya. Wannan ne abin da kusan kowa ke mantawa. Sama da rana da buɗaɗɗen hannu biyu, kusa da tsakar ka, akwai mazaunin wani baka da ya kwanta rigingine, ƙahoninsa suna kallon sama, ja a ƙasa ta wajen rana, shuɗi a sama. Launinsa ya fi na bakan gizo tsabta. Ƙwayoyin da ke yin zagage su ke yin sa, sai dai a nan haske ta saman faifan yake shiga ya fita ta gefe. Ba ya yiwuwa sam in rana ta haura digiri 32, kuma ya fi kyau a wajen 22, wato kamar awa ɗaya da rabi kafin magariba. Ranar da na fara ganinsa ina zaune ne a kan dakali bayan la'asar, na jingina kai da bango don wuyana ya gaji, sai ga shi a kaina kamar an ja shi da alli mai launi. Bai fi minti biyar ba ya dushe, mutanen da ke tare da ni ba wanda ya gani sai ɗaya.

A wannan lokacin kuma dubi ƙoƙon zoben, daidai saman rana. Dogayen ƙwayoyi sukan ɗora masa wani haske mai kama da ƙahon bunaji. In rana tana dab da faɗuwa ƙahon a tsuke yake, tana hawa yana buɗewa kamar shirwa ta baza fiffike. Ginshiƙi kuma, wato haske da ke miƙewa sama daga rana lokacin fitowa ko faɗuwa, ƙyalli ne kawai daga fuskokin ƙwayoyin, launin rana yake ɗauka.

Sai dai a yi hanzari. A ƙasashenmu rana a miƙe take hawa, kusan digiri 15 a awa, ba kamar a Turai ta arewa ba inda take jan ƙafa a gindin sama yini guda cikin hunturu. Waɗannan da ke fitowa in rana tana ƙasa-ƙasa, mutanen can sun fi mu samunsu.

*In inuwa tana tsakanin ƙafa 11 da 4.* Ƙahon sama da takwaransa na ƙasa sukan miƙo hannu su haɗu tun daga wajen digiri 29, su zama wani zobe mai siffar ƙwai da ya rungume na 22, yana taɓa shi a sama da ƙasa, ya bar rata a dama da hagu. In ka ga zobe ya yi kamar ya rabu biyu a gefuna, shi ne. Rana tana ƙara hawa ƙwan yana tsukewa har ya kwanta a kan zoben. Yawancin sansanin tsakar rana mai kaifin launi da ake yaɗa hotonsa, ina kyautata zaton wannan ne.

*In inuwa ta gaza ƙafa 4 da rabi.* Nan kuma rabonmu ne. Duba ƙasa da rana, buɗaɗɗen hannu biyu, wajen gindin sama. Akwai wani baka shimfiɗaɗɗe da ke kwanciya a miƙe kamar an shanya zane, ja a sama, shuɗi a ƙasa, wani lokaci ya rina guntun gajimare ɗaya kawai kamar an tsoma shi a marina. Sai rana ta kai digiri 58 yake fitowa, ya fi ƙarfi a wajen 68. Mutumin Stockholm ko Helsinki ba zai taɓa ganinsa daga gida ba, rana ba ta kai musu can ko a tsakiyar bazararsu. A Kano kuwa, da take digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana haura 58 kusan wata goma a shekara, ban da daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, har takan tsaya a tsakar ka a wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta. A damina, wajen ƙarfe 11 na safe da wajen 2 na rana su ne lokutan farautarsa. Gini da itatuwa suna yawan tare shi, don haka nemi fili ko ka hau bene.

Akwai kuma farar ɗamara, zobe marar launi da ke ratsa ta cikin rana kanta ya zagaye sama a tsayinta. Da safe faɗinta ya game duk sama, sai ka juya kana bin ta har bayanka. Da rana ta hau sai ta tsuke ta kewaye tsakar ka, kuma a digiri 68 girmanta ya zo daidai da na sansani, sai ka ga zobba biyu sun sarƙe. Irin wannan taron dangi aka gani a Stockholm ranar 20 ga Afrilu 1535, aka zana shi, kwafin zanen yana rataye a babban cocin birnin har yau. Babban zobe na digiri 46 ma akwai shi, ninki biyu na sansani, amma ba kasafai yake fitowa ba kuma dishi-dishi ne.

Mataki na 6: kada a sayar maka da wani abu

Bakan gizo ɗigon ruwa ne ke yin sa, kuma kullum yana ɓangaren da ba rana, sai ka ba ta baya kake ganinsa, ja a waje. In kana fuskantar rana ka ga launi, ba shi ba ne. Ƙananan zobba da ke manne da wata ko rana, waɗanda yatsu uku ko dunƙulen hannu ke rufewa, shuɗi-shuɗi a ciki ja a waje, su ma daga ɗigon ruwa suke a gajimare na ƙasa. Gajimare mai walƙiyar kore da ruwan hoda kamar man fetur a kan kwalta, launinsa a hargitse yake, yana bin gefen gajimaren, yawanci kusa da rana. Shimfiɗaɗɗen baka kuwa launinsa a jere yake, a miƙe, kuma gajimare yana wucewa ta cikinsa shi yana nan inda yake.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi yaudarar mutane: koren ɗigo ko zobe da ke fitowa a hoton waya. Motsa wayar. In abin ya bi motsin, daga gilashin kyamara yake.

Mataki na 7: ɗauki hoto, ka rubuta

Goge gilashin kyamara da gefen riga tukuna, maiƙon yatsa yana zana haskoki na ƙarya. Bar rana a ɓoye a bayan hasumiyar ko fitilar, ka kalli fuskar waya kawai. Kyamarar yawancin wayoyi tana ɗaukar zoben 22 gaba ɗaya in ka sa rana a tsakiya, in kuma kyamarar wayarka tana da maɓallin 0.5 mai faɗaɗa hoto, yi amfani da shi don ɗamara da bakunan nesa. Taɓa sama a fuskar wayar ka ja hasken ƙasa har shuɗi ya dawo, in ba haka ba komai fari zai fito. Bar wani gini ko itace a cikin hoton don a gane sama da ƙasa. Ɗauki ɗaya ta wajen rana, ɗaya a tsakar ka, ɗaya a bayanka, ka maimaita bayan minti biyar, don abin yana sauyawa da sauri. In za ka ƙara wa hoton launi, ajiye na asali.

Sannan ka rubuta a littafi ko a waya: kwanan wata, ƙarfe nawa, gari, inuwa ƙafa nawa, irin gajimare, abin da ka gani, da ko an yi ruwa cikin awa 24. A Jamus akwai masu sa ido da suka shafe shekaru da dama suna irin wannan lissafi, kuma a Turai mai lura yakan ga sansani wajen kwana 100 a shekara. Duba sau uku a yini ya isa: da hantsi, kafin azahar, da bayan la'asar.

Batun ruwan nan na saka shi ne don "ko ruwa za a yi?" ita ce tambayar da za a yi maka da zarar an ga kana kallon sama. A Turai mayafin ƙanƙara yakan riga ruwa isowa da kamar yini guda, shi ya sa manomansu suka ɗauki sansani alamar ruwa. Namu ruwan daga hadarin gabas yake zuwa, kuma mayafin yana iya zama na hadarin da ke tafe, yana iya zama ragowar wanda ya mutu jiya a wani gari mai nisa. In mayafin yana ƙara kauri daga gabas, zoben yana dushewa, ga zufa ga iska ta tsaya, sai a kwashe shanya. In kuwa yana yagewa shuɗi yana dawowa, a bar ta. Mai shirin shuka ya haɗa da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya.

Masu cewa wani babba zai rasu kuwa, na daina musu da su. Nakan tuna musu cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Daga nan sai in kama hannun mutum in tsayar da shi a inuwar falwaya, in ce ya ɗora babban yatsa a kanta ya buɗe hannu, ya gaya mini wane launi ne a gefen ciki.